Korau Mahauci da Laimar Kwaɗi

Iya Hakama ta ajiye ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa, ta dubi jikokinta, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, ta shigo da ƙafarta."

Yara suka ce, "Ta zo mu ji ta, mun ba ta tabarma!"

To ku matso.

A wani gari da ke tsakanin rafi biyu aka yi wani mahauci, sunansa Korau. Mahauci ne ɗan mahauci. In ya hango sa daga nesa, sai ya gaya maka yawan kitsen da ke cikinsa. Kullum yana bakin tukubarsa yana bugun ƙirji, yana cewa, "Duk abin da ake kira nama a duniyar nan, na san wuyansa, na san hantarsa."

Wata shekara marka ta zauna daram. Rafukan nan suka cika suka batse, suka yanke garin. Fulani suna can ƙetare da shanunsu. Aka cinye awaki. Aka cinye tumaki. Aka cinye kaji, har zakaran da ke tada mutane da asuba, sai duk gari ya koma makara.

Ana cikin haka matar Korau, Tasalla, ta haihu, 'ya mace. Kwana biyu nono bai kawo sosai ba. Jaririya sai kuka. Tasalla ba abin da take samu sai kunun kanwa da gayan tuwo.

Mai kula da jegon ita ce Gwaggo Barmani, yayar uban Korau. Ta tsufa tukuf, idanunta sun yi hazo, amma bakinta garau yake. Ta kira shi.

"Korau, a gidan mahauci a ce maijego ba ta ga romo ba? Tashi ka nemo nama."

"Gwaggo, a ina? Ko ɓera ya bar garin nan."

"Ban aike ka ka gaya mini inda babu ba."

Korau ya ɗauki igiya da barho, ya shiga daji. Ruwa na dukansa. Bai ga zomo ba, bai ga gafiya ba, bai ga ko ƙadangare ba. Can a wani tsohon makwancin shanu, cikin ciyawa, sai ya ga Kwaɗo zaune ya harɗe ƙafa, a ƙarƙashin wata farar laima mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Korau ya yi sallama. Kwaɗo ya amsa, ya ce, "Da na ce ka shigo daga ruwa, amma ka ga ba wuri."

Korau ya tsura masa ido.

"Malam mahauci, me kake kallo haka?"

"Cinyarka."

Kwaɗo ya yi maza ya naɗe ƙafafunsa. "Cinyata ba komai a cikinta sai sanyi. Bar ni in nuna maka nama na gaske. Ka ga wannan da ke kaina? Mu laima muke ce mata. Amma na ji tsofaffinku na kiranta naman ƙasa."

"Ka taɓa ci?"

"Haba, wa ke cin laimarsa? Amma kada ka ɗauki tawa, tana yoyo. Ga ta maƙwabcina can, ya tafi gaisuwar rashin lafiya."

Korau ya je ya tsaya a kan laimar maƙwabci. Ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu. Bai ga kai ba, bai ga wutsiya ba. Sai ya kama waƙa:

Naman ƙasa, naman ƙasa,
Ba ƙaho, ba kofato,
Ina wuyanka in yanka?

Ku amsa mana!

Yara suka ce, "Ina wuyanka in yanka!"

Madalla. Da wuya ya ƙi samuwa, Korau ya ce, "Bari in kai ta gida in bincika a natse." Ya ɗaura mata igiya a ƙafa, ya juya baya, ya kama ja. Yana tafe yana yabo: "Kai, wannan dabba da hali mai kyau take. Ko turjewa ba ta yi." Ya ja ta cikin ƙaya, ya ja ta kan tsakuwa, ya ja ta cikin taɓo. Da ya isa ƙofar gida ya waiwaya, igiya ce kaɗai ke biye da shi.

Gwaggo ta ji motsinsa. "Me ka kawo?"

Kunya ta hana shi faɗin gaskiya. "Dabba ce na kama, ta tsinke a hanya. Igiyar ce ta iso."

"To, a soya ta ko a yi farfesu?"

Washegari ya koma. Ya tarar da Kwaɗo a ƙarƙashin laimarsa, maƙwabci na gefe ya jiƙe sharkaf, yana harara.

Korau ya ce, "Naman jiya ya gudu. Kawo cinyar."

"Tsaya, tsaya! Ga ta surukina can, ya tafi ganin gona. Amma yau ka yanka ta nan take."

Korau ya sake zagayawa, ya sake waƙa:

Naman ƙasa, naman ƙasa,
Ba ƙaho, ba kofato,
Ina wuyanka in yanka?

"Ina wuyanka in yanka!"

Ya ce, "Tunda ƙafa ɗaya gare ta, ita ce wuyan." Ya kwantar da ita, ya danne da gwiwa, ya sa barho. Ba jini. Ya juyo ya dubi Kwaɗo.

"Kwaɗo, ko mushe ce?"

"A'a, jininta fari ne, ruwan sama ya wanke."

Korau ya shiga fiɗa. Ya yaye bayanta, ya ce fata ce, ya jefar. Ya kankare cikinta, ya ce dattin tumbi ne, ya jefar. Ya cire ƙafar, ya ce ƙashi ne, ya jefar. Ya yi ta tono yana neman hanta. Da ya gama, abin da ya rage bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya sa shi a ƙatuwar ƙwarya, ya ɗora a ka. A hanya tururuwa ɗaya ta hau ta sauke masa kayan.

Gwaggo ta ce, "Yau me ka kawo?"

"Ƙwarya."

"Jiya igiya, yau ƙwarya. Gobe ka kawo rijiyar, mu huta da zuwa rafi."

Ba wanda ya yi dariya. Daga cikin ɗaki Tasalla ta yi magana a hankali. "Maigida, kukan yarinyar nan ya fara yin ƙasa. Ɗazu sai da na kara kunne na ji shi."

Korau ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga.

Rana ta uku tun da sassafe ya koma. Kwaɗo na zaune a bushe, maƙwabci da suruki na gefe a jiƙe, ba mai yi wa wani magana. Laima biyu ce ta rage a wurin, ta Kwaɗo da wata kusa da ita. Kamarsu ɗaya, kamar an tsaga kara.

Korau ya zare barho. "Yau ba wasa. Wacce zan ɗauka?"

Kafin Kwaɗo ya buɗe baki, sai laimar gefe ta yi magana da murya mai zaƙi. "Ni, malam mahauci, ni! Na fi kaza taushi, na fi hanta garɗi. Ɗauke ni."

Ta kan Kwaɗo kuwa ta yi tari, ta ce, "Ni dafi ce. Wanda ya ci ni ba ya ganin la'asar."

Kwaɗo ya ce, "Ka ji da kunnenka."

Korau ya ce, "Ai wannan ba sai an yi shawara ba." Ya cire mai zaƙin murya, ya rungume ta kamar jariri, ya kai ta tukuba. Ya yanka ta sala-sala, ya soke a tsinke, ya barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, ya kafa a bakin wuta. Ƙanshi ya tashi. Kun san mahauci ba ya miƙa tsire bai ɗanɗana ba. Ya ci tsinke ɗaya. Ya ƙara ɗaya don ya tabbatar. Ya zauna yana jiran sauran su gasu sosai, yana ta murmushi. Da suka yi, ya naɗe a ganye, ya nufi gida.

Yana sa ƙafa a zaure cikinsa ya ce, "Korau."

Ya ce, "Na'am?"

"Me na yi maka?"

Tsiren ya faɗi nan, hularsa ta faɗi can, shi kuma ya nufi bayan gida a guje. Ya dawo, ya koma. Ya dawo, ya koma. A na uku bai dawo ba, nan ya kwanta a bakin katanga, sama na fita, ƙasa na fita, gumi na zuba.

Gwaggo ta lallaɓo da sandarta, ta taka ganyen tsire. Ta ɗauka, ta sansana, ta murza da yatsa. Sai ta ƙwala ihu. "Wa ya shigo mini da wannan gida? Tasalla, kin ci?"

"Ban gan shi ba ma, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi."

Ta jefa tsiren a masai. Yini guda tana ɗura wa Korau ruwan koko da ɗan gishiri, yana mayarwa, tana ƙarawa. Sai washegari idanunsa suka daidaita. Ya rame kamar an matse tsumma. Ya tuna cewa naɗe tsiren ya yi zai kai wa maijego, sai hawaye.

Ya gaya mata komai, tun daga igiya.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Naman ƙasa kake bi kwana uku? Ni da na rayu da shi wata biyu a shekarar yunwa, ina budurwa?"

"Gwaggo, me ya hana ki faɗa?"

"Cewa ka yi dabba ce ta tsinke. Ni gada na ɗauka kake bi. Juyo bayanka. Ni na sani amma ba na gani, kai kana gani amma ba ka sani ba."

Ya durƙusa, ta hau. Aka ɗaure ta da zani da majanyi. Suka ratsa gari, mutane na leƙe ta kan danga suna cewa, "Matarsa ta haifi jaririya, shi ya haifi tsohuwa." Korau bai waiwaya ba.

Da suka isa makwancin shanu, sababbin laimomi sun fito fal, sun fi arba'in, kowace da kwaɗonta. Korau ya ce, "Gwaggo, yanzu na gane. Wadda ta ce ita dafi ce, ita ce ta ci."

Yana rufe baki duk suka ɗauka gaba ɗaya: "Ni dafi ce! Ni dafi ce! Ni na fi dafi!" Masu kyau na faɗa don a bar su, miyagu na faɗa don a ɗauke su.

Gwaggo ta ƙwanƙwashe shi a ka. "Ka ji? Toshe kunnenka, buɗe idonka. Fara da ƙafa. Tono ta har gindi, kada ka yanke. Me ka gani?"

"Wannan ƙafarta doguwa ce, da zane kamar fatar mesa."

"Gindin fa? Yana cikin 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai?"

"A'a, ɗan dunƙule ne kawai."

"Ajiye ta dama. Mai santsin ƙafa, hagu. Mai jaka a gindi, ko hagu kada ka ajiye ta, jefa ta nesa ka wanke hannu. Ƙananan da ba su buɗe ba kuma bar su, ni ma ba na gane su."

Ya ware. Ta ce, "Na biyu, zobe. Akwai zobe a ƙafar, kusa da sama. Tura shi."

Ya tura. Zoben ya zame sama, ya zame ƙasa. Laimar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Daina, cakulkuli nake ji, ni mai dafi!"

Korau ya ce, "Shi ke nan, mu tafi."

"Zauna. Muguwar ma takan sa zobe. Saura na uku."

Ta kwance kallabinta, saƙi ne mai ratsin fari da baƙi, ta ce ya shimfiɗa. Ya cire kawunan laimomin, ya kifa a kai, ya rufe da ƙorai. Suka zauna jira. Kwaɗo ya yi tsalle ya zo, don har da tasa aka kife.

"Iya, tawa fa yoyo take yi."

"Ba rufin ɗaki zan yi da ita ba."

"Tana da wari."

"Akwai daddawa."

"Gadon ubana ce!"

"Satin nan ta tsiro, ɗan nan."

Tun hantsi suna zaune har azahar. Korau ya ɗaga ƙorai. Kowane kai ya zubar da ɗan gari a kan kallabi. Wasu fari tas. Biyu kuwa, da suka wuce ƙafa suka wuce zobe ta hanyar da Allah kaɗai ya sani, garinsu kore-kore ne kamar gansakuka.

Gwaggo ta ce, "Leƙa ƙarƙashinsu."

Ya leƙa. "Ya fara yin kore."

"Irin wadda ka ci ke nan. Tana ƙarama fara ce sol, sai ta manyanta halinta ke fitowa."

Ɗaya daga cikinsu ta yi tsaki, ta ce, "Saura ƙiris da na ga cikin maijego." Korau ya taka ta har sau uku.

Ya cika ƙwarya da masu farin gari, ya goya Gwaggo, suka kama hanya. Kwaɗo ya biyo su tsalle-tsalle, yana cewa, "Inda laimata ta je, nan zan je."

A madafa Korau ya zaro barho. Gwaggo ta ce, "Mayar da shi kube. Goge su da tsumma, kada ka jiƙa su, sun sha ruwa ya ishe su. Cire ƙafar, tauri gare ta. Sauran yayyaga da hannu."

"Hantar fa?"

"Duk jikinta hanta ce."

Ya ɗora kasko, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa. Da ta yi ja ya juye naman ƙasa, kasko ya cika har baki. Ya juya ya ɗauko gishiri. Kafin ya juyo, abin ya koma rabi. Ya ɗauko yaji, ya juyo, ya koma rabin rabi.

Ya ɗaga muciya. "Kasko, ka ci mini nama!"

Kasko ya ce, "Ni baki gare ni, ba ni da maƙogwaro. Tambayi Wuta."

Wuta ta ce, "Ni a ƙasa nake, itace nake ci. Tambayi Tururi."

Ya ɗaga kai zai tambayi Tururi, Tururi ya riga ya fice ta saman danga, ko sallama babu. Korau ya ɗauki takalmi zai bi shi.

Gwaggo ta kamo rigarsa. "Ruwan da ta sha take mayarwa. Bar ta ta tsotse ta soyu, ɗanyarta ba ta da amana ko da ta kirki ce."

Ta soyu ta yi ja. Aka sa daddawa, aka sa citta da masoro, aka tsaida ruwa kaɗan, ta yi ta ɓararraka. Ƙanshi ya fita zaure, ya bi layi. Maƙwabta suka fito suna shinshina iska, wani na cewa kaza ce, wani na rantsuwa ɗan maraƙi ne.

Korau ya zuba a akushi zai kai ɗaki. Gwaggo ta ce, "Kawo nan tukuna. Ni na zaɓa, ni zan fara." Ta ci loma biyu, ta sha romo, ta zauna. Korau ya tsura wa cikinta ido yana jiran ya yi magana. Aka yi la'asar, ciki shiru. Rana ta yi sanyi, ciki shiru. Sai ta ce, "Kai mata."

Tasalla ta ci, ta sha romo, gumi ya karyo mata. Ta ce, "Maigida, naman mene ne wannan?"

"Na wata dabba ce mai ƙafa ɗaya."

"A ƙara mini."

Kwaɗo na gefen murhu yana sharɓar kuka. Gwaggo ta ji tausayinsa, ta jefa masa yanki. Ya haɗiye, sai ya ƙara fashewa da kuka.

"Kukan me kuma?"

"Ina kuka ne don laimata ce. Ina kuma kuka don ina zaune ƙarƙashin wannan abu ina cin ƙuda. Akwai saura?"

Kwana biyu Tasalla na shan romo safe da yamma, nono ya kawo har yana zuba. Jaririya ta sha ta ƙoshi, ta canyara kukan da sai da aka ji a ƙetaren rafi. Korau ya zauna a tsakar gida yana dariya yana share ido.

Mutanen gari suka yi dafifi a ƙofa, kowa na so a nuna masa. Gwaggo ta ce, "Ku je ku ciro. Amma duk wanda ya ɗora a wuta bai kawo nan an kifa a kallabina ba, kada a kira ni jinya." Suka ɗunguma daji da ƙorai da kwanduna. Kafin yamma ba laima ko ɗaya a tsaye, masu kyau suna tukunya, miyagu suna rami.

Magariba na yi ruwa ya sauko. Kwaɗi suka fito, kowa ya nufi laimarsa, wayam. Suka tambayi juna, wa ya jawo mana wannan? Maƙwabci da suruki suka nuna Kwaɗo. Kwaɗo ya ce, "Ba ni ba ne, wani mahauci ne." Suka ce, "Wa sunansa?" Ya faɗa. Sai suka taru a bakin kududdufin bayan gari, ruwa na dukansu, suka kama kira: "Korau! Korau! Korau!"

Bai fito ba. Har yau bai fito ba, su kuma ba su daina ba. In an yi ruwa ku kasa kunne, za ku ji su.

Ku kuma ku riƙe wannan. Abin da ya tsiro a daji, kome kyansa, kome ƙanshinsa, kada ku kai shi baki sai kun nuna wa babban da ya san shi, ya ci shi, ya kuma tsufa. Jin kunyar tambaya ya kusa kashe Korau da maijegonsa.

Ƙurunƙus! Yau kan kwaɗo ne, kusu ya huta.